Ƴan tsanar da na ƙi naɗewa

Ni ce na fara ganin ta, kuma har yau ina son a san da haka. Ranar da motar Maraɗi ta sauke ta a ƙofar gidanmu da jakunkuna biyu da wata faffaɗar hula, ni ce zaune a bakin zaure, ni kuma na karɓi ƙaramar jakar. Shekarata goma. A hankalina na lokacin, duk wanda ya fara ɗaukar wa baƙo kaya, to baƙon nasa ne.

Ƴar ƙasar Japan ce, an turo ta aikin awon jarirai a likitar garinmu, wato asibiti. Babanmu dillalin dabbobi ne, yana da ɗaki ɗaya kusa da zaure da yake saukar da Buzaye abokan cinikinsa ranar kasuwa, sai ya gyara shi ya ba ta. Duk Dakoro Shinuwa ake ce mata, wato ƴar ƙasar Sin, ni kuwa na ɗora wa kaina aikin gyara wa mutane baki. Har dambe na yi da wata yarinya a bakin pampo a kan wannan maganar, na dawo gida da tsagaggen leɓe ina alfahari. A cikin gida Tanti muke ce mata.

Ni na koya mata gaisuwar safe da ta yamma. Ni na hana ta miƙa wa mutane abu da hagu, na nuna mata yadda za ta durƙusa wa Kaka. Ranar kasuwa ni ke gaba tana biye, ina taya mata cuku wurin matan daji, ina harare-harare kada wani yaro ya matso kusa da ita. In ta ce mini na gode, sai in ji kamar an ba ni saniya.

Ina da ƙanwa, shekara biyu na ba ta. Da amosanin jini aka haife ta, ciwon da ma'aikatan likita ke ce wa emasi. Siririya ce, idanunta ɗorawa-ɗorawa, in ciwon ya tashi sai ta riƙe gwiwoyinta tana kuka ƙasa-ƙasa, kwana uku ko huɗu. Ina tausayinta, ba na musu. Amma ina jin haushinta fiye da yadda nake tausayinta. Ba ta zuwa pampo, ba ta daka, ba ta wanke-wanke da ruwan sanyi. In Baba ya shigo da hanta daga kasuwa, tata ce. In an kawo nono daga Birnin Lalle, sai ta sha ta rage sannan a tuna da ni. Da na buɗe baki Inna za ta ce, "Ke da Allah ya ba lahiya, mi kike nema kuma?" Ni ban san lafiya abu ce da ake ba mutum ba. Na dai san hanta.

Saboda haka da Tanti ta zo, sai na ce to ga nawa rabon. Wannan kam babu mai raba ni da ita.

Zafi ya fara shigowa a shekararta ta farko sai aka kawo mata wani kwali daga ƙasarsu, ya sha tambari ta kowane gefe. Ta kira ni ni kaɗai. Ta wanke hannu, ta sa wata farar safar hannu, ta fara zaro abubuwa naɗe cikin takarda mai laushi. Da ta warware ta farko, na matso kusa na ƙura mata ido.

Mu ƴan tsanarmu na kara ne. Mu ɓare karan dawa, mu ɗaura masa tsumma, mu yi masa kitso da zare, mu goya shi, in mun gaji mu jefar. Wannan kuwa mace ce zaune, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba, ta sa riga a kan riga a kan riga, ta alharini, kowace da launinta yana leƙowa a wuya da bakin hannu. Gashinta baƙi wuluk har ƙasa. Fuskarta fara tas, idanu ƴan siri, baki ɗan ɗigo ja, tana riƙe da mafici. Ta biyun namiji ne da doguwar baƙar hula da ɗan takobi a ƙugu. Tanti ta kife kwalin, ta shimfiɗa jan ƙyalle, ta tsayar da wani ɗan allo mai naɗewa ruwan zinariya a bayansu, ta zaunar da su gefe da gefe. Ta aike ni na karyo reshen dogon yaro mai fure, ta sa a kofi, ta ce a wurinsu wani fure ne daban amma wannan ma ya yi.

Da Hausarta mai tafiya sannu-sannu ta yi mini bayani. Sarki ne da matarsa. A ƙasarsu in an haifi ɗiya mace, kakanninta ke saya mata su. Kowace shekara a fito da su, ran uku ga watan uku a yi wa ƴan mata biki, a roƙa musu lafiya da girma. Tsofaffinsu na cewa ƴan tsanar na ɗauke wa yarinya ciwo da tsautsayi, su karɓa a madadinta. Waɗannan nata ne tun tana jaririya, uwarta ce ta aiko mata don ta ga ta yi nisa da gida. Ba a wasa da su, ba a goya su, ba a taɓa fuskar da hannu tsirara. Kallo kawai ake yi.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Ni ce mai tsaron ƙofa, ina shigo da ƴan mata uku-uku, ina kaɗe hannun duk wadda ta miƙa yatsa. Kaka ma ta dogaro sandarta ta zo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wanga wane irin sarki ne ba rawani ba dogari? Ita kuma amaryar ko lalle ba a sa mata ba. Ku dai kun cika rowa a ƙasarku." Baba bai shiga ba sai da ya tambayi malamin unguwa. Malam ya ce ƴar tsanar yara mata ba laifi, muddin dai an san Allah ne mai tsarewa.

Ran uku ga wata Tanti ta raba mana gugguru da alewa. Washegari da safe, ko koko ban sha ba, ta leƙo ta yafito ni. Na tarar da ƙanwata kwance a tabarmar Tanti ta juya wa ƙofa baya, don tun asuba ƙafafunta ke ciwo, Tanti ta sa mata kwalbar ruwan ɗumi a gwiwa. Na ɗauka barci take. Tanti ta ba ni safar hannu guda, ta nuna mini yadda ake kaɗe ƙura da gashin tsuntsu, yadda ake rufe fuska da takarda kafin a naɗe jiki. Na ce mata don Allah ta bar su ko kwana biyu.

Ta yi dariya ta rage murya. Ta ce a wurinsu ba a bari. Da biki ya wuce ake naɗewa, in aka yi jinkiri, wai yarinyar da ke da su aurenta zai yi jinkiri. Ta nuna ƙirjinta ta ce, "Uwata tana mantawa kullum. Ga ni, ashirin da takwas."

Na yi dariya ni ma, na kuma adana maganar a cikina. Daɗi ya kama ni, don ga wani abu da ni kaɗai na sani duk faɗin Dakoro.

Shekara ta zagayo, aka sake fito da su. A lokacin kowa ya san aikin Tanti ya ƙare, saura mata ƴan makonni ta koma. Ta fara rabon kaya. Inna ta sami tukwane, Baba rediyo, Kaka bargo. Ni ban ko damu ba, don na riga na zaɓa wa ƴan tsanar wurin zama a ɗakin Inna, a saman jeren kwanoni. Wa ya iya naɗe su in ba ni ba? Wa ya sha naushi a bakin pampo? Har na faɗa wa ƙawayena a lakwal, makarantarmu ta boko, cewa sai wadda na ga dama za ta riƙa zuwa kallo.

Ran bikin da yamma, bayan yara sun watse, Tanti ta kira Inna da mu biyu. Ta kwance agogon hannunta ta ɗaura mini, sai da ta huda wani sabon rami a igiyar kafin ya zauna. Ta ce ni ce malamarta, ba za ta manta da ni ba. Sannan ta juya ta kama hannun ƙanwata ta kai ta gaban jan ƙyallen. Ta ce wa Inna, shekara ashirin da tara suna tare da ita ba ta taɓa kwana a gadon likita ba, yanzu tana so su zauna da wannan.

Inna ta ce, "Allah shi ne mai tsarewa. Mun gode, Allah shi saka da alheri." Ta share ido da bakin zane.

Ni kuwa kunnuwana suka toshe. Agogon nan, duk lakwal ɗinmu mushe, malaminmu, shi kaɗai ke da irinsa, amma a hannuna ji na yi kamar an ɗaura mini igiyar akuya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yarinyar da ba ta taɓa ɗebo wa Tanti ko moɗa ɗaya ta ruwa ba, wadda aikinta kawai ta kwanta a tabarma a yi mata sannu, ita ce da sarki da matarsa. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, Tanti ta miƙo mini safar hannun ta ce tunda ni na iya, ni zan riƙa fito wa ƙanwata da su ina naɗe mata. Wato ni ce boyi. Ranar da motar Maraɗi ta zo ɗaukar ta, ban yi rakiya ba, na ɓuya a bayan rumbu har ƙarar motar ta ɓace.

Shekara guda cur na yi ina dafa abin a cikina. Kwalin yana ƙarƙashin gadon Inna, kullum in na zo shara sai na ɗan zungure shi da tsintsiya. Na yi tunanin in zuba masa ruwa, na yi tunanin in buɗe wa gara hanya. Amma duk wannan za a gane, kuma hannun Inna yana da zafi. Sai da watan uku ya matso dabara ta faɗo mini, wadda babu mai kama ni da ita.

Na fito da su da kyau, na jera su a saman jeren kwanoni, daidai wurin da na zaɓa wa kaina. Na karyo furen dogon yaro. Inna ta yi gugguru, ƴan mata suka zo suka kalla suka tafi. Washegari da safe na ɗauki tulu na tafi pampo. Ban naɗe ba.

Inna ta ce, "Ba yau ne ake maida su kwali ba?" Na ce, "A'a, Tanti ta ce in an ga dama a bar su." Ƙarya na shirga ko ƙyaftawa ban yi ba. Ƙanwata tana kwance a gado, ta ɗago kai ta dube ni, ta yi murmushi. Na ce a raina, yi murmushinki, ai ba ki san abin da ake ciki ba.

Ina so in faɗi wannan yadda yake, don na daɗe ina yi masa kwaskwarima. Ba mantuwa na yi ba, ba kuma ƙuruciya kawai ba ce. Kowace safiya in na shiga ɗakin na gan su zaune, sai in ce kwana ɗaya ya ƙaru. Ina hango ranar da za a sa ni a lalle, gida ya cika, a yanka rago, ita kuma tana zaune a gefe da ƴan tsanarta, furfura ta fito mata babu wanda ya ce yana so. Tunda ta cinye hanta ta cinye Tanti, to ta zauna. Ina wannan tunanin ina jin sanyi a zuciyata.

Haka suka zauna har bazara ta wuce. Jan ƙyallen ya koɗe, ƙuda suka ɗiɗɗiga wa allon zinariyar baƙi, zafi ya yi wa fuskar matar wata ƴar tsaga daga gefen ido zuwa kumatu. Ƙanwata kuwa wuni take tana kallon su. Wani lokaci in shigo in same ta tana musu magana a hankali, ta gan ni ta yi shiru.

Da ruwa ya sauka, zazzaɓi ya haɗu mata da ciwonta. Ban taɓa ganin ya yi mata irin wannan kamu ba. Leɓunanta suka yi fari, ta daina ko kuka. Likitar garinmu suka ce sai Maraɗi, sai an ƙara mata jini. Da aka fita da ita a kafaɗar Baba, hannunta yana reto, na koma ɗaki na tarar da su zaune suna kallona da idanunsu ƴan siri. Na ce aure kawai na ce, ban ce ta mutu ba. Na ɗauko safar hannu na naɗe su ina kuka, har na manta ban kaɗe ƙurar ba.

Ta dawo bayan kwana goma sha biyu, a rame amma da ranta. Tun daga shekarar ban ƙara yin jinkirin ko rabin wuni ba. Ran huɗu ga watan uku, ko ina Maraɗi karatun koyarwa sai na san yadda na yi na zo. Mutanen gida suna yaba mini, wai ga yaya mai kula da ƙanwarta.

Na yi aure ina da shekara ashirin da uku. Gida ya cika, an yanka rago, ita kuma tana zaune a gefe, ita ta ɗinka mini kayan da na sa, don ta zama tela. Komai ya zo yadda na hango shi, sai dai sanyin nan bai zo ba. Ta sami manema sau biyu. Na farko malamin lakwal ne daga garin Mai Yara, yana son ta sosai, amma da uwarsa ta ji sunan ciwon sai ƙafarsa ta ɗauke. Na biyu ko gaisuwar iyaye ba a kai ba. Kowane ya tafi, sai in kasa cin abinci.

Ni malama ce, na kuma yi karatun addini daidai gwargwado. Na san alharini da katako ba su riƙe auren kowa, na san ciwonta ne ke korar mutane. Amma sanin nan bai taɓa wanke ni ba. Ƴan tsana ba su yi komai ba, ni ce na so ƙanwata ta rasa, na so da dukan zuciyata wata huɗu, kuma ta rasa.

Bara na yanke shawarar in faɗa mata. Ran uku ga watan uku na tafi gidan Inna da ɗiyata mai shekara huɗu. Na jera su kamar kullum. Da la'asar yarinyar ta fita tsakar gida wurin kakarta, muka rage mu biyu, ita tana kan keken ɗinkinta. Na yi ta juya maganar a baki, daga baya na ce, "Kin tuna shekarar da na bar su a waje har damina?"

Ta tsayar da keken. Ta ce, "Yaya, in manta? Ai na daɗe ina son in yi miki wagga magana."

Na ce a raina shi ke nan, ta sani.

Ta ce, "Ran da Tanti ta gaya miki zancen jinkirin aure, ba barci nike ba, na jiya duka. To shekarar da kika bar su, shekarata goma. Na ji gwaggonmu ta Birnin Lalle tana ce ma Inna irinmu ba mu wuce goma, ta yi haƙuri tun da wuri. Sai na ce ashe wagga ce ta ƙarshe, in aka maida su kwali ba ni ƙara ganinsu. Na so in roƙe ki ki bar mini su, kunya ta hana ni, kar a ce ɗiya ba ta son aure. Sai ga shi da sahe kin ɗauki tulu kin hita, har kika yi ma Inna ƙarya sabili da ni." Ta yi ƴar dariya, idonta ya kawo ruwa. "Kowa na ba ni hanta, ana ce mini sannu. Duk gidan nan ke ɗai kika gane ba aure nike jira ba."

Shekara ashirin da wani abu ina ɗauke da wannan abu a matsayin mafi munin aikin da na yi, ita kuma tana ɗauke da shi a matsayin mafi girman alherin da aka yi mata. Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, sai na ga yadda take duba na, na kasa ƙwace mata shi. Na ce, "Ai ba komai." Kuma Allah ya sani, a daidai lokacin wani sabon kishi ya taso mini. Abu ɗaya muka gani ni da ita, ita ta fassara shi da zuciya mai kyau. Har a nan ma sai da ta fi ni.

Ɗiyata ta shigo da gudu hannunta duk gugguru. Ƙanwata ta jawo ta jikinta, ta nuna mata sarki da matarsa, ta ce, "Kin gan su? Sun kai ni talatin da ɗoriya, sun yi ƙoƙari. Daga yau naki ne. Mamanki ta iya naɗewa."

Dariya ta kuɓuce mini har da hawaye. Sau biyu ke nan ana tsallake ni a kansu, kuma ni ce dai boyi.

Washegari tun kafin a ɗora koko na wanke hannu na sa safar, wadda yanzu ta yi rawaya ta matse mini yatsu. Na kaɗe ƙura, na rufe fuskar matar da takarda, tsagar nan tana nan inda zafi ya yi ta. Ƙanwata tana tsaye a bakin ƙofa tana cewa in yi a hankali, saurin mene ne.

Har yau ban faɗa mata ba. Amma ta iya karatu, kuma duk abin da na rubuta ita ke fara karantawa.